Yaron ba shi da laifi, sai dai asali

"Yaron ba shi da laifi, sai dai asali." Makon jiya na sake jin wannan magana a nan Tawa, a bakin wani dattijo da ke bayanin abin da ya sa aka mayar da kuɗin gaisuwar da aka kawo wa ɗiyar ƙanensa. Saurayin yana salla, yana da shagon ɗinki, ba ya shaye-shaye, yarinya kuma ta ce shi take so. Sai aka tura mutum ƙauyensu ya binciko, ya dawo da labarin cewa kakar mahaifiyarsa baiwa ce. Nan magana ta mutu. Dattijon ya faɗi haka hankalinsa kwance, kamar mai ba da labarin kuɗin tiyar hatsi, kuma cikin waɗanda ke zaune babu wanda ya ce uffan.

Hana saurayi aure don abin da aka yi wa kakarsa shekara ɗari da suka wuce wariya ce, irin wadda muke la'anta idan mun ji ta a Amurka ko Faransa. A 2017, lokacin da tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, Nijar gaba ɗaya ta ɗauki zafi, har gwamnati ta kira jakadan Libiya. A 2020 samarinmu sun cika Facebook da hoton George Floyd. Duk daidai ne. Sai dai wanda ya yi wancan fushin shi ne gobe zai aika a binciko ko mai neman ɗiyarsa "ɗan asali" ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A wajen aure abin ya fi fitowa fili, amma tambayar asali tana bin yaro tun daga gonar da ubansa ke nomawa har zuwa sahun gaba na masallaci.

Su wa ake kira marasa asali

Kashi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko jikokin bayi. Kowace ƙabila a ƙasar nan tana da kalmarta: Bahaushe ya ce bawa, ko bacucane ga wanda aka haifa a cikin bauta, Abzinawa su ce iklan, Fulani su ce maccuɓe da rimayɓe, Zabarmawa su ce banya da horso. A Adar, wato ƙasar Tawa, kalmar "buzu" ma kaifi biyu gare ta. Wani ya faɗe ta yana nufin duk mai jin Tamajak, wani kuma yana nufin bawan Abzinawa, kuma wanda aka kira ya san wacce ake nufi.

Na biyu masu sana'ar gado: maƙera, mahauta, maroƙa da makaɗa, wanzamai a wasu wurare, da inadan, wato maƙera da masu aikin hannu, a cikin Abzinawa. Waɗannan ba a taɓa sayen su ba, amma ana ƙin haɗa zuri'a da su. Mutum zai ci naman da mahauci ya yanka, ya yi noma da hauyar maƙeri, ranar suna ya nemi maroƙi ya shelanta sunan jaririnsa, sannan ya ce jininsu bai dace da nasa ba.

A arewacin jihar Tawa, wajen Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya, launin fata ya shigo ciki. Mutane masu harshe ɗaya da naɗin rawani iri ɗaya, amma ana cewa waɗannan "farare" waɗancan "baƙaƙe". Launin ba kullum yake bin asalin ba, akwai baƙin mutum ɗan sarauta, akwai mai hasken fata da ake kira bawa, amma baƙo yana isowa da fatarsa ake fara auna shi. A kudu kuwa, Ƙonni da Madawa da Illela da Buza, ido ba ya rabewa. Sai an tambaya, kuma daga nan bincike ya samo gindin zama.

Yadda binciken ke tafiya, da inda yake ɓaci

Bincike kafin aure ba abin ƙi ba ne. Uba na da haƙƙin sanin halin mai neman ɗiyarsa, da sana'arsa, da yadda ya rabu da matan da ya aura a baya. Binciken asali wani abu ne dabam. Ana tura gwaggo ko kawu garin su yaro. Ba a zuwa gidansu, sai a ratsa wajen wata tsohuwar unguwa, ko maroƙin gari, ko wani ɗan garin da aka gamu da shi a tasha. Tambayar ta fi bin dangin uwa, don tsohuwar ƙa'ida ta ce ɗa yana bin uwarsa wajen bauta da ɗiyauci. Kalma ɗaya ta isa: "Ai waɗancan na gidan wane ne."

Duba irin wannan shari'a. Babu shaida sai ji-ta-ji-ta. Wanda ake tuhuma bai san ana yi ba, balle ya kare kansa. Duk mai ƙiyayya da gidan, ko wani mai neman yarinyar, yana iya jefa kalmar ya wuce, ba wanda zai tambaye shi hujja. Kuma ba a faɗa wa yaro gaskiya. Cewa za a yi istihara ba ta yi kyau ba, ko an riga an yi mata miji a dangi. Shi ya san dalili, su ma sun san ya sani.

Hukuncin ba ya tsayawa kansa. Da zarar magana ta fita a unguwa, ƙannensa maza da mata duk ta shafe su, har da waɗanda ba a yaye ba.

Ga kuma abin dariya, in da abin na dariya ne: kuɗi na wanke asali. Wanda ya dawo daga Abijan ko daga haƙar zinari a Jado da mota da gidan siminti, sau da yawa gwaggon da aka aika sai ta dawo ta ce ba ta ji komai ba. Ashe ba jini ake tsoro ba. Talaka ne kawai ake tuna wa kakarsa.

Dangin da za su biya kuɗin mota zuwa ƙauye don tono kakar kaka, su ne kuma ba za su tura yaro da yarinya gwajin jini ba. Alhali abin da ke bin jini da gaske shi ne sikila. Idan namiji da mace duk suna ɗauke da AS, wato ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon kansa, kuma auren zumunci, wanda ake gudu zuwa gare shi don "tsare asali", yana ƙara yiwuwar haɗa masu ɗauke da ita. Akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai, duk mai shakka ya je ya ga yaran da ke layi. Babu gwajin da ya taɓa nuna bauta a jinin mutum.

Saurayin da aka hana sau ɗaya, sau biyu, me ya rage masa? Adar ƙasar ƴan cin rani ce tun kaka da kakanni, kuma kowa na cewa fari da talauci ke kora samari Abijan, Kamaru, Libiya da Aljeriya. Gaskiya ne, amma a cikin masu tafiyar akwai waɗanda ba abinci kaɗai suke nema ba. Suna neman garin da ba a san uwarsu ba. Wani ya bar jin Tamajak da gangan ya koma Hausa zalla, wani ya sauya sunan garin da yake cewa ya fito, wani ya yi aure can bai taɓa kawo ƴaƴansa ganin gida ba don kada wani ya faɗa musu. Yaro ya tashi da dangi rabi.

Ta mace ta fi muni. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Yarinyar da manema suka yi mata kaɗan saboda asali, iyayenta ba sa jira. Wanda ya fara zuwa shi ake ba, ko da sa'an kakanta ne.

Gona

Wannan ne sashen da ƴan birni ba su cika ganewa ba. A ƙauyuka da yawa jikokin bayi suna noma gonakin da kakanninsu suka sare dajinsu da hannunsu, amma da sunan ubangiji. A al'ada gonar aro ce. Alamarta ita ce damin hatsi da ake kai wa "mai ƙasa" bayan girbi, ko da guda ne. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, ba ya sayarwa, ba ya jinginarwa, kuma in ya rasu sai ƴaƴansa sun je an sabunta musu.

Muddin ƙasar fako ce ba mai kula ta. Rigima na tashi ranar da ta yi daraja: an gyara ta da gandari da gurabun tara ruwa irin aikin da aka fara a Kaita a 1984, ko an gano fadamar na yin albasa, ko gari ya faɗaɗa ana yanka filaye. A ranar jikan ubangiji, wanda wataƙila bai taɓa riƙe hauya ba, zai tuna gonar tasu ce. Saurayin da ya san haka ba zai zuba taki da guminsa a ƙasar da za a iya karɓewa ba. Sai a ce samarin yanzu ba sa son noma.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta aza harsashin kwamitocin filaye, waɗanda suka haɗa da COFOB a ƙauye, COFOCOM a kwamin, COFODEP a gunduma, masu ba da takardun mallakar gado, kyauta, saye, aro, haya da jingina. Tsari ne mai kyau, amma yana da rami. Mai gari ke shugabantar kwamitin ƙauye, kuma sau tari shi ko danginsa ne masu da'awar ƙasar. Shaidu maƙwabta ne da ke tsoron ɓata da shi. Babban kuskuren da mutane ke yi shi ne dangwala yatsa a kan duk takardar da aka miƙo, suna murna sun sami "takardar gona". In takardar aro ce, ka rubuta da hannunka cewa gonar ba taka ba ce. Kafin a dangwala, a sa wanda aka amince da shi ya karanta sunan takardar da babbar murya.

Takardar haihuwa da lakkol

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. In sun wuce, sai an bi ta hannun alƙali ya yi hukunci, ko a jira zaman da alƙalai ke fitowa yi a ƙauyuka. Zangon da ba shi da mai gari nasa, wanda ke rataye a ƙarƙashin tsohon ubangiji, shi ne na ƙarshe da labarin irin wannan zama ke isa. Yaro marar takarda zai iya zama a aji, amma ranar jarrabawa, ranar katin ɗan ƙasa, ranar gasar shiga aikin gwamnati ko soja, sai ya tarar da ƙofa a rufe.

In ya tsallake firamare, sai batun masauki. Kwaleji na garin kwamin, kilomita ashirin ko talatin daga zango. Iyaye ba su san kowa a garin ba sai gidan da kakanninsu suka yi wa bauta, don haka can ake kai yaro. Da asuba shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai awaki, da yamma shi ne aike. Ƴaƴan gida na bitar karatu, shi yana wanke kwanoni. Shekara biyu ya faɗi, a kore shi, sai a ce "ai irinsu ba su da kan boko". Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ta gane wannan, shi ya sa ta buɗe makarantu a cikin zangunan irin waɗannan mutane a arewacin jihar Tawa. Firamare ta samu a wasu wurare. Matsalar masaukin kwaleji tana nan, kuma maganinta gidan kwanan ɗalibai ne da kantin abinci.

"Ai an hana bauta tun zamanin Nasara"

A takarda, haka ne. Faransa ta fitar da dokar hanawa a ƙasashen da ta mallaka na Afirka ta Yamma ranar 12 ga Disamba 1905. Nijar mai ƴanci kuwa sai a Yunin 2003 ta sa bauta cikin kundin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar miliyan ɗaya zuwa biyar na sefa. Kusan shekara ɗari ke nan tsakanin hani da hukunci. A farkon shekarun 2000 ne ƙungiyar Anti-Slavery International ta ƙiyasta aƙalla mutum 43,000 na cikin bauta a ƙasar.

Wanda ke cewa labarin da ne, ya tuna Hadijatu Mani. A nan jihar, yankin Ƙonni, aka sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240. An ba ta takardar ƴanci a 2005, amma da ta auri wanda take so, tsohon ubangijin ya kai ƙara cewa matarsa ce, kotu ta yanke mata wata shida a gidan kaso kan auren maza biyu. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10. A 2014 aka ɗaure wani mutum shekara huɗu a Ƙonni kan ajiye wahaya, wato yarinyar da aka saya aka ajiye a gida da sunan mata "ta biyar". Waɗannan duk a zamanin wayar salula aka yi su. Kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, nauyin ya dawo kan alƙalanmu na gida.

Amma ko da an kama duk mai wahaya gobe, matsalar saurayin nan mai shagon ɗinki na nan. Doka na iya kama wanda ya sayi mutum. Ba ta iya kama wanda ya ce istihara ba ta yi kyau ba. Sashe na 102 na kundin ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar kan wariyar launi ko ƙabila, amma wa zai kai uban budurwarsa gaban jandarma?

"Addini ne ya ce a duba tsara"

Nan ne ake fakewa, kuma nan ne hujjar ta fi rauni. Mu mabiya Malikiyya ne. Muhtasar na Shehu Halil, wanda malaman zaure ke karantarwa daga Tawa har Agadas, ya ce tsarantaka a aure addini ce da kuɓuta daga aibin da ke sa a raba aure, ya kuma faɗa ƙarara cewa ƴantacce, da wanda ba sharifi ba, da wanda bai kai matsayin matar ba, duk tsaranta ne. Wanda ya hana jikan ƴantacce aure da sunan mazhaba, mazhabar ba ta tare da shi.

Aikin magabata ma haka ya nuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab ɗiyar Jahshi, ɗiyar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, ƴantaccen bawa. Ya umarci Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Abu Huzaifa ya ba Salim, ƴantaccen gidansa, ɗiyar ɗan'uwansa, kuma Salim ɗin nan shi ke limancin masu hijira na farko a Ƙuba don ya fi su Alƙur'ani. A tuna da wannan a garuruwan da har gobe ba a barin mahaddaci ya wuce gaba saboda kakarsa. Ga masu ƙin masu sana'a kuwa, Abu Hindu mai yin ƙaho ne, wanzami ke nan a harshenmu, kuma Annabi ya ce wa Banu Bayada su ba shi aure. Annabi Dawuda ƙarfe ya sarrafa.

Da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, amsar da ya samu tana cikin Buhari da Muslim: "Ka aibata shi da uwarsa? Lalle kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya." Binciken dangin uwa da muke yi, mene ne sunansa in ba wannan ba?

Akwai tambayar da ta fi wannan zurfi, wadda ba a son yi: su kakannin nan ta yaya suka zama bayi? Mafi yawa hari ne, aka kama su a gona ko a bakin rijiya, da yawansu suna salla. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya lissafa mutanen Kano, Katsina, Barno da Sangai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Hadisi ƙudusi kuma ya sa wanda ya sayar da mutum mai ƴanci ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Idan akwai gidan da ya kamata ya ji kunyar wannan tarihi, gidan wanda ya kai harin ne. Mu kuwa mun juya abin: jikan maharin na taƙama, jikan wanda aka sace na ɓoye sunan garinsu.

Wahaya ma haka. Ana kiran ta "ta biyar" don a ba ta rigar sa-ɗaka, amma yarinya ce mai ƴanci da aka saya, babu sadaki, babu rabon kwana, babu gado. Har yanzu kuma akwai inda ake karɓar kuɗin fansa a hannun mutum kafin ya yi aure ko ya tafi Makka, ana tsorata shi cewa in ubangiji bai yafe ba ibadarsa ba ta karɓuwa. Malamin da ya san wannan ƙarya ce ya yi shiru don mai karɓar fansar ne ke ba shi zakka, shi ma da nasa kason.

"Wasan taubashi ne"

Wasan taubashi dukiya ce, UNESCO ma ta sa na Nijar cikin gadon duniya a 2014. Bafillace ya ce wa Ba'are bawansa, Ba'are ya rama, a yi dariya a sha shayi. Sharaɗinsa shi ne ramuwa, kuma kowa ya san ƙarya ce. In ka ce wa yaro "bawa" a fada alhali kai da shi kun san gidanku na karɓar dami daga gidansu, ba shi da abin ramawa. Dariyar da yake yi ta dole ce.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe"

Wasu na cewa hali gado ne, bawa ba ya da kunya, maroƙi ba ya da zuciya. Hali tarbiyya ce da zama. Gidan kaso na Tawa bai rasa ƴaƴan manyan gida ba. In halin yaro ake tsoro, ga yaron nan a gabanku shekara ashirin da biyar, ga maƙwabtansa, ga abokan sana'arsa, ga limamin unguwarsu. A tambaye su.

"Talauci ne, ba asali ba"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Ɗan talaka "mai asali" a ƙauyen Bagaruwa shi ma ba shi da takarda, shi ma ya bar lakkol, shi ma yana hanyar Libiya. Bambancin shi ne nasa talaucin ana iya fita daga cikinsa. In ya samu, ya samu ke nan: gonarsa tasa ce, zai nemi auren wadda yake so, zai tsaya takarar kansila ba wanda zai bi gida-gida da dare yana cewa "za ku bari bawa ya mulke ku?" Ɗayan kuwa ko ya zama likita ko kanar, ana jiran ranar da zai nemi wani abu a tuna masa. Sarautar gargajiya ma ba a maganarta, tunda gado ce, kuma akwai garuruwan da mafi yawan mazaunansu ba su da ikon ko tsayawa.

"Kuna tada fitina, kuna ɓata sunan ƙasa"

An taɓa gwada wannan. A Maris 2005 aka shirya bikin ƴanta mutum 7,000 a Inates, jihar Tilaberi. Bikin ya rushe, hukumomi suka ce babu bayi a Nijar, aka kuma tsare shugaban Timidria na lokacin, Ilguilas Weila. Shekara uku bayan haka sunan ƙasar ya fito a jaridun duniya ta dalilin shari'ar Hadijatu. Ɓoyewar ba ta tsare sunan ba.

Batun fitina kuwa, a yankin da masu ɗauke da makamai ke neman samari, ba hikima ba ce a bar dubban matasa da jin cewa garinsu ba zai taɓa ɗaukar su cikakkun mutane ba. Duk wanda ya zo musu da alkawarin daidaito, ko na ƙarya ne, ya sami kunnen saurare.

Man shafawa

Wani reshen wannan cuta yana kan teburin kowace mai kayan kwalliya. "Fara ko mayya ce," in ji samari, ƴan mata kuma sun ji. Mayukan bilicin galibi ɗayan uku ne ke cikinsu: haidirokinon, ko sinadarin kotizon mai ƙarfi, ko zaiba. Na farko in an daɗe ana shafa shi yana barin baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu wanda ba ya fita. Na biyu yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya shiga jini ya taimaka wa hawan jini da ciwon suga, kuma ranar da aka yi wa mace aiki wajen haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Zaiba kuwa ƙoda take ci. Wadda ta daɗe kan mai kotizon kada ta yanke shi dare ɗaya, ta je likitan fata ya rage mata sannu a hankali. Zagin ƴan matan ba zai hana ba, muddin manema da iyayensu mata na saka wa haske farashi.

Abin da ke hannun wa

Mafi yawan ƙofofin nan ba gwamnati ke riƙe da makullinsu ba. Waliyyi ne ke aika gwaggo, shi ne kuma zai iya ce mata: "Yaya, ki tambayo mini halinsa da sana'arsa da sallarsa, sauran ban aike ki ba." Kuɗin motar zuwa ƙauye a kai su asibiti a yi gwajin sikila. Limaman Juma'a da masu wa'azi a gidajen rediyon jiha su karanta babin tsarantaka na Muhtasar da Hausa da Tamajak yadda yake, su kuma faɗa a fili cewa kuɗin fansa haramun ne ga mai karɓa.

Wanda aka karɓe wa gona ko gado ko sadakin ɗiya da sunan "ubangiji" ya sani cewa wannan ya wuce sulhun fada. Sarki da mai gari sulhu doka ta ba su a rigimar al'ada, laifin bauta kuwa na mai gabatar da ƙara ne, ta hannun jandarma ko kai tsaye a kotu. Dokar 2003 ta ba ƙungiyar da ta shekara da rajista, mai yaƙi da bauta, damar shiga shari'ar a madadin wanda aka zalunta, don haka ba dole mutum ya tsaya shi kaɗai ba. Marar kuɗin lauya kuma ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, a babbar kotu. Kafin a tafi, a tanadi shaidu biyu ko uku waɗanda ba sa cin arziƙin gidan da ake ƙara, a rubuta ranar da aka karɓi abin da adadinsa, in akwai saƙon murya na WhatsApp da aka yi barazana a ciki kada a goge shi. Yawancin irin waɗannan ƙararraki a wajen shaidu suke mutuwa: ranar zama sai a tarar an riga an bi su gida da dare, kowa ya ce bai ga komai ba.